Daren Juma'ar Aminu Saira

Duk wanda ya san kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis shekara goma sha biyar da suka wuce, ya san ba shanu da raƙuma kaɗai ake ciniki ba. Can nesa da kara akwai rumfunan masu faifan fim, lasifika na tashi, an jera kwalaye masu hotunan jarumai. Daga Ƙofar Wambai ta Kano ake saro su, a biyo da su ta Gumel, wasu su tsaya a garuruwanmu, wasu su tsallaka iyaka har Damagaram. A jikin irin waɗannan kwalaye na fara karanta sunan Aminu Saira, can ƙasa, inda ake rubuta mai ba da umarni, wurin da yawancin masu saye ba sa ko kallo.

Sunansa na yanka Aminu Muhammad Ahmad, haifaffen unguwar Gwammaja a Kano, a shekarar 1979. Karatunsa na addini ne, a kwalejin shari'a ta Aminu Kano, kuma wanda ya kalli aikinsa da natsuwa zai ga wannan tushe. Ya shigo harkar a lokacin da fim ɗin Hausa yake tafiya kan rawa da waƙa da soyayyar mutum uku, sai ya riƙa neman labari mai nauyi. Jamila da Jamilu, Ga Duhu Ga Haske, Ɗan Marayan Zaki, As-habul Kahfi: waɗannan ne suka sa 'yan kallo suka fara tambayar wa ya yi fim, ba wa ya fito a ciki kaɗai ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a masana'antar da tun Turmin Danya na 1990 fuskar ɗan wasa ce take sayar da kaset.

Yana tsakiyar wannan tashe ƙasa ta zame a ƙarƙashin kowa. Waya mai ɗaukar bidiyo ta yi arha, memori ta shiga aljihun kowane saurayi. A Gumel, a Gagarawa, a Sule Tankarkar, duk rumfar cajin waya ta samu kwamfuta a gefe, ka miƙa 'yan canji a tura maka fina-finai fiye da abin da za ka iya kallo a mako. Furodusan da ya zuba dukiyarsa ba ya ganin ko sisi daga wannan ciniki. Fim ya fito da safe, kafin la'asar ya gama gari. 'Yan kasuwar da suke ba da jari suka janye hannu, rumfunan faifai suka koma sayar da caja da murfin waya. An gwada sinima a Kano, amma mutumin Maigatari ba zai hau mota ya tafi birni don kallon fim ɗaya ba, balle matar aure da take cikin gida, wadda ita ce ainihin mai kallon. Mutane da yawa masu basira sun bar sana'ar a shekarun nan, kuma har yau ina jin ciwon hakan.

Wata ƙofa ta riga ta fara buɗewa. Tashar Arewa24 ta soma aiki a 2014, shekara guda bayan haka ta fito da Daɗin Kowa, wanda ya nuna cewa Bahaushe zai zauna ya bi labari mako bayan mako, kamar yadda iyayenmu suka bi wasannin Kasimu Yero a talabijin. Kwana Casa'in da Gidan Badamasi suka biyo baya. Amma waɗannan na tasha ne ko sun jingina da ita. Abin da ya rage a gani shi ne ko darakta mai zaman kansa zai iya riƙe dogon labari da kamfaninsa.

A 2020, shekarar korona, bayan kullen da ya tsare Kano a gida, Labarina, shirin Saira mai dogon zango, ya fara fitowa a Arewa24 da kuma shafin Saira Movies na YouTube. Marubucin farko shi ne Ibrahim Birniwa, sunan da kowane ɗan Jigawa zai ji ya san garin. Nafisa Abdullahi ce Sumayya, 'yar talaka mai kamun kai. Nuhu Abdullahi ne Mahmud, Isa Feroz Khan ne Presdo, Rabi'u Rikadawa kuma ya zama Baba Ɗan Audu, uban da son abin duniya ya rufe wa ido, har sunan ya kusa danne nasa na gaskiya. Daren Juma'a ya zama na Labarina.

Lissafin kuɗin ma ya juye. Da, kowane mai kallon da bai sayi faifai ba asara ne. Yanzu fim kyauta yake, yawan masu kallo ne yake jawo kuɗin talla daga YouTube da kuma 'yan kasuwar da suke son a nuna hajarsu a tsakiyar shiri. Sai dai aikin ya ninka. Mai dogon zango ba ya gama fim ya huta. Shi ne zai zauna da marubuta a ja zaren labari, shi zai san abin da aka shuka a kashi na uku don a girbe shi a na ashirin, shi zai lallashi ɗan wasa ya dawo bayan wata shida da irin askin da ya tafi da shi, kuma dole Juma'a ta same shi da sabon kashi a hannu.

Nan ne jarrabawar ta zo. Nuhu Abdullahi ya bar shirin, aka rufe babin Mahmud. A 2022 ita kanta Nafisa Abdullahi ta sanar da ficewarta. Sumayya ce gimshiƙin ginin, kuma a tsohuwar al'adar Kannywood, in tauraruwa ta tafi fim ya mutu. Na ji mutane da dama a majalisa suna cewa an gama. Ni ma na ƙosa da yadda aka yi ta jan ɓatan Sumayya, ana kewaye-kewaye, labari yana tafiya kamar mota a cikin yashi. Saira bai rufe shago ba. Ya ɗauko Fati Washa ya ba ta sunan Sumayya, ya bar masu kallo suka yi gunaguninsu, ya kai labarin gaɓar da zai iya ajiye shi.

Abin da ya yi bayan nan shi ne ya fi burge ni. Ya riƙe sunan Labarina, ya sauke duk mutanen cikinsa, ya kafa sabon labari daga tushe: Alhaji Mainasara, attajirin da ya ɓoye arzikinsa ya sa rigar talauci don ya gane mai ƙaunarsa tsakani da Allah. Sadiq Sani Sadiq, wanda suka yi Ɗan Marayan Zaki tare shekaru da dama kafin nan, shi ya hau matsayin. Fatima Hussaini, wadda ba ta kai tsofaffin taurari suna ba a lokacin, ta fito a Maryam, cikin 'yan makonni sunanta ya shiga kowane gida. Masu kallo suka dawo, har da waɗanda suka yi rantsuwar sun daina.

Rumfunan tura fim ba su mutu ba a yankinmu, don data tana da tsada kuma sabis yana yankewa da zarar ka bar bakin titi. Da safiyar Asabar za ka ga yara a tsaye gaban mai caji a Gumel, kowa da wayar yayarsa ko ta mahaifiyarsa a hannu, an aiko shi. Ba sa ambaton sunan jarumi ko jaruma. Cewa suke a tura musu na Saira, na jiya da daddare.