Ko Ka San Kariya Ta Fi Tsoron Ruwa Da Fari?

A kwarin Komadugu manomin tattasai ba ya wasa da ban-ruwa, injinsa na ruri tun da sassafe. Amma akwai tsiron da irin wannan gata ke kashewa: kariya, 'yar dajin nan mai ƙaton gindi da jan fure.

Sai rani ya yi nisa, ciyawa ta ƙone, ita kanta ta kakkaɓe ganyenta ta tsaya tsirara, sannan take fid da fure a kan rassa, bakinsa ja ko ruwan hoda, cikinsa fari-fari. Asirin yana gindinta, wanda ya kumbura kamar randa, cike da ruwan da ta tara tun damina. Ruwan saman Diffa, a bakin Komadugu, bai cika wuce milimita 300 a shekara ba, kuma ya ishe ta har da ragi. Mai tausayin da ke zuba mata bokiti safe da yamma shi ne ajalinta, don saiwar ruɓewa take yi.

Dashenta kuwa ba wuya. A yanki reshe, a bar shi a inuwa kwana biyu ko uku bakin ya bushe, a soka cikin yashi inda rana ke duka. Sai dai reshe ba ya yin tumbin nan mai ban sha'awa kamar wadda ta tsiro daga iri. Irin yana cikin kwanso biyu masu kama da ƙaho, kowace ƙwaya da gashin da iska ke ɗauka.

Abin mamaki, tsiron da ake wucewa a dajinmu ba a ko waiwaya shi ne manoman fure a Tailan ke aurawa, suna sayar wa duniya cikin tukwane. A tsibirin Sokotra na Yaman kuwa 'yar'uwarta kan fi mutum tsawo, gindin ya gagari runguma!

Kariya dangin tumfafiya ce, kuma ruwan jikinta dafi ne mai tsayar da zuciya. Maharban Hadza na Tanzaniya da shi suke shafe kibiya. Don haka mai son kariya a tsakar gida ya dasa ta nesa da yara da turken awaki, ya kuma wanke hannu da sabulu duk lokacin da ya yanke ta.