Idan Gwamnati Ta Tambayi Ma'aikacinta Yadda Aiki Yake

A tambayi ma'aikacin gwamnati a gaban shugabansa, "Yaya aiki?" amsar ɗaya ce: "Da godiya." Ko da ya shekara biyar yana jiran ƙarin girma, ko da kwamfutar ofishinsa ta mutu tun bara, ladabi da tsoron abin da zai biyo baya ba za su bar shi ya wuce nan ba. Wannan ne ya sa wasu ƙasashe suka samo hanyar yin tambayar a asirce, ga dubun dubatar ma'aikata a lokaci guda, sannan su buga amsoshin kowa ya gani.

Amurka na cikin waɗanda suka daɗe suna yi. Ofishin kula da ma'aikatan gwamnatin tarayya, OPM, ya fara binciken a 2002, yana yin sa duk bayan shekara biyu, daga 2010 kuma ya koma na shekara-shekara. Ana tura wa ma'aikaci takardar tambayoyi ta imel. Galibi tambayar magana ce da aka rubuta, shi kuma ya zaɓi ɗaya cikin amsoshi biyar, daga cikakkiyar yarda zuwa cikakken ƙi. Ana tambayarsa ko aikin da aka ɗora masa ya fi ƙarfinsa, ko yana samun horo, ko shugabansa na sauraronsa, ko zai iya tona wata ɓarna ba tare da fargabar a rama a kansa ba. A 2023 ma'aikata sama da 600,000 ne suka amsa.

Abin da ya ba sakamakon ƙarfi shi ne gasa. Daga 2003 wata ƙungiya mai zaman kanta, Partnership for Public Service, ta riƙa ɗaukar alƙaluman tana jera hukumomi daga wadda ta fi daɗin aiki zuwa ta ƙarshe. Hukumar binciken sararin samaniya, NASA, ta hau kan gaba a rukunin manyan hukumomi a 2012, ta kuma zauna a wurin sama da shekara goma a jere. Ma'aikatar tsaron cikin gida kuwa, wadda aka harhaɗa daga hukumomi 22 bayan harin 11 ga Satumban 2001, ta yi shekaru tana jan wutsiya, har 'yan majalisa suka riƙa kiran shugabanninta su zo su yi bayani. Babu shugaban da yake son jaridu su buga cewa ma'aikatansa ne suka fi kowa ƙunci.

A Birtaniya an fara binciken bai-ɗaya na ma'aikatan gwamnati a 2009. Ana yin sa kowace kaka a hukumomi kusan ɗari, kuma masu amsawa kan wuce 300,000. Akwai tambayoyi biyar da ake haɗawa a fitar da makin shaƙuwar ma'aikaci da wurin aikinsa, ciki har da ko yana alfaharin faɗin inda yake aiki, da ko zai ba wani shawarar ya nemi aiki a nan. Akwai kuma tambayoyi kan cin zali, tsangwama da nuna bambanci. A 2022, shekarar da hauhawar farashi ta wuce kashi 11 cikin ɗari, makin gamsuwa da albashi da alawus ya faɗo zuwa kashi 28 cikin ɗari. A ranar 1 ga Fabrairun 2023 ma'aikata kusan 100,000 suka tafi yajin aiki. Wanda ya karanta sakamakon binciken bai yi mamaki ba.

Duk wannan ya rataya ne a kan rufin asiri. A ƙasashen biyu, ba a fitar da sakamakon sashen da masu amsa a cikinsa ba su kai goma ba, domin a ƙaramin ofis darakta zai iya gane wanda ya ce ba a yi masa adalci. Da zarar ma'aikata sun yi zargin ana iya gano su, sai ko dai su ƙi amsawa, ko su yabi komai, kuma alƙaluman da aka tara a haka ba su da amfani ga kowa.

A Najeriya ma an taɓa yin irin wannan aiki, kuma abin da ya fito ya ja hankalin masana a duniya. A 2010, masana tattalin arziki biyu, Imran Rasul da Daniel Rogger, tare da haɗin gwiwar Ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya, sun tattara amsoshin ma'aikata kimanin 4,100 kan yadda ake tafiyar da su. Suka haɗa amsoshin da rahotannin injiniyoyin da suka je da ƙafarsu suka duba ayyuka kimanin 4,700 na hukumomi 63: rijiyoyin burtsatse, gine-gine, hanyoyi da madatsun ruwa. Kashi 38 cikin ɗari na ayyukan ko fara su ba a yi ba. Waɗanda aka kammala ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba.

Da aka kwatanta hukumomin, sai aka ga inda ake sakar wa ma'aikaci mara ya yanke shawara a kan aikinsa, nan aka fi kammala ayyuka. Inda aka tsananta sa ido da alƙawarin lada ko hukunci kuwa, kammalawar ta yi ƙasa. Masanan sun danganta haka da yanayin aikin gwamnati: ma'aikaci ɗaya yana riƙe da ayyuka iri-iri masu wuyar aunawa, kuma idan ra'ayin shugaba ne ma'aunin ƙwazo, sai hankali ya koma ga neman fada maimakon aikin da jama'a ke jira. Daga baya an yi makamancin binciken a Gana, an kuma sami sakamako mai kama da wannan ta fuskar sakar wa ma'aikaci mara. Babu kundin kasafin kuɗin da zai nuna wannan. Sai da aka tambayi masu aikin sannan ya fito. Ga mutanen ƙauyen da aka yi wa alƙawarin burtsatse aka bar su da rami, yadda ake tafiyar da ofishi a Abuja magana ce ta ruwan sha.

Raunin waɗannan bincike sananne ne. Ba kowa ke amsawa ba: a Amurka masu amsa kan gaza rabin waɗanda aka tura wa, kuma mai yiwuwa ne wanda ya fi kowa fidda tsammani shi ne ya share saƙon. Maki kuma yana nuna inda ciwo yake, ba ya faɗin abin da ya kawo shi, sai shugaba ya zauna da ma'aikatansa ya ji ta bakinsu. Babban rauni dai shi ne a tara amsoshi a jibge su. Binciken Amurka yana tambayar ma'aikata ko sun yarda za a yi amfani da sakamakon wajen gyara hukumarsu, kuma shekara da shekaru ƙasa da rabi ne ke cewa e. Hukumomin da makinsu ya tashi su ne waɗanda suka rarraba sakamakon sashe-sashe, suka zaɓi matsala biyu ko uku, suka sa wa kowace mai alhaki da wa'adi, sannan suka dawo suka gaya wa ma'aikata abin da aka yi.

Ko a inda al'adar ta kafu, dorewarta tana hannun masu mulki. A 2025, shekarar da gwamnatin Donald Trump ta shiga rage ma'aikatan tarayya da dubun dubbai ta kuma umarci masu aiki daga gida su koma ofis, OPM ya sanar cewa ba zai gudanar da binciken shekarar ba, duk da cewa akwai dokar da ta wajabta wa hukumomi jin ra'ayin ma'aikatansu kowace shekara. Jerin alƙaluman da aka riƙa tarawa ba fashi tun 2010 ya yanke a shekarar da ma'aikatan suka ga sauyi mafi girma a rayuwar aikinsu.