Riƙon Maraya Daga Ƙetare: Kada A Sake Masa Uba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, wata Juma'a da aka tashi daga kasuwar shanu ta Wudil, wani falke ya zo mana da tambaya. Ƙanensa da ya daɗe yana fatauci a Sudan ya rasu bayan yaƙin da ya ɓarke can a watan Afrilu na 2023, ya bar ɗa mai shekara bakwai. Yana so ya kawo yaron gida ya riƙe. Abokan ciniki sun ba shi shawara ya nemi takardar haihuwa da sunansa a gurbin uba, wai don a huta da tambayoyin ma'aikatan shige da fice. Muka ce masa kul, kada ya kuskura.

Mu fara da shari'a. Riƙon maraya, wanda malamai ke kira kafala, aiki ne mai girman lada, har Manzon Allah ya yi wa mai yin sa bushara da maƙwabtaka da shi a Aljanna. Abin da aka haramta shi ne tabanni, wato mutum ya jingina wa kansa ɗan wani. Aya ta 4 da ta 5 a Suratul Ahzab su suka soke shi, aka koma kiran Zaidu da sunan mahaifinsa Harisa. In aka sake wa yaro uba, zai ci gadon da ba nasa ba, nasa kuma na iya suɓuce masa. 'Ya'yan baffansa mata ba muharramansa ba ne, sai fa in an shayar da shi tare da su cikin shekarun shayarwa. Mai son kyautata masa ya yi masa kyauta tun yana raye, ko wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba, muddin yaron ba magajinsa ba ne. Kada kuma a manta, a mazhabar Maliki uwa ce ke da haƙƙin reno har yaro ya balaga, bayanta sai kakarsa ta wajen uwa. Ba a ɗauko shi sai da yardarsu.

To, ita ma dokar ƙasa a nan ta tsaya. Sashe na 25 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce wanda aka haifa a waje, in ubansa ko uwarsa ɗan Nijeriya ne, shi ma ɗan ƙasa ne ta haihuwa. Ashe sunan marigayin da ake so a goge shi ne mabuɗin shigowar yaron. Sai a haɗa shaidar cewa uban ɗan Nijeriya ne, da takardar rasuwarsa, da ta haihuwar yaron, da yardar uwa a rubuce, da takardar riƙo daga kotu, a kai ofishin jakadancin Nijeriya don neman fasfo ko takardar tafiya ta gaggawa.

Amma in iyayen duka biyu ba 'yan Nijeriya ba ne, riƙo ba ya mai da yaro ɗan ƙasa. Zai shigo da fasfon ƙasarsu, a nema masa izinin zama. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 kwana 90 kawai ta ba baƙo ɗan ƙasashen ƙungiyar ba tare da biza ba. Jamhuriyar Nijar kuwa ta fice daga ƙungiyar a watan Janairu na 2025, don haka masu dangi a Maraɗi da Damagaram su tambayi ofishin shige da fice kafin su tashi.

Faɗin ƙarya don samun fasfo laifi ne a Dokar Shige da Fice ta 2015. Wanda kuma aka tare a kan iyaka da yaro ba takarda, zai iya samun kansa yana amsa tambayoyin hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane, ko da niyyarsa ta alheri ce. Ku kuma ma'aikata, sa hannu a kan nasabar ƙarya shaidar zur ce, kada ku yi ta don kunyar maƙwabci.

Ya 'yan'uwa, maraya ya riga ya rasa ubansa a duniya, kada mu raba shi da sunansa. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon riƙon amana, amin.