Ciwon Suga da Toshewar Jijiya: Maganin da Ke Cikin "Shara"

Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon suga ya san cewa babbar ɓarnar cutar a jijiyoyin jini take. Yawan suga yakan raunana shimfiɗar cikin jijiya, kitse ya sami wurin maƙalewa, hanyar jini ta ƙuntata. Daga nan sai bugun zuciya, ko shanyewar ɓarin jiki, ko gyambon da ke kai wa ga yanke ƙafa.

Da aka kammala karanta kundin halittar ɗan Adam a 2003, an tarar abin da ke ba da umarnin ƙera furotin bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Ragowar kuwa an daɗe ana kiransa shara. Ashe wani ɓangarensa yana samar da wani nau'in RNA wanda ba ya ƙera furotin. Aikinsa tsawatar wa ƙwayoyin gado, ya sa wannan ya yi shiru, wancan ya rage murya. Victor Ambros da Gary Ruvkun ne suka gano ƙananan irinsa a 1993 cikin wata 'yar tsutsa, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2024.

Ina alaƙarsa da ciwon suga? A 2010, binciken da aka yi kan mutanen garin Bruneck na Italiya ya nuna cewa miR-126, wanda ke kula da lafiyar shimfiɗar jijiya, yana raguwa a jinin masu cutar. Wato mai gadin ya bar ƙofa.

Sai dai wani hanzari ba gudu ba: gane mai gadi daban, mayar da shi bakin aiki daban. Nasarar da aka samu a hanta take. Allurar inclisiran, wadda Tarayyar Turai ta amince da ita a 2020, Amurka a 2021, ɗan guntun RNA ce da ke hana hanta ƙera furotin PCSK9, ta rage mugun kitsen jini da kusan rabi, da allura biyu a shekara bayan na farko. Hanta ce ke zuƙe irin wannan magani cikin sauƙi. Kai shi bangon jijiya shi ne jan aikin, kuma akwai haɗari: a 2016 an dakatar da gwajin MRX34, maganin daji na wannan dangi, bayan mutuwar wasu majinyata.

Ga kuma tsada. Allura ɗaya ta fito kasuwar Amurka a kan dala 3,250, alhali majinyaci a Kano ko Maraɗi yana fama da kuɗin metformin na wata guda.