Patrice Lumumba: Mako Goma a Kan Mulkin Kwango

Ana yawan tuna Patrice Lumumba da abu biyu, jawabinsa na ranar 'yancin kai da kuma mugun kisan da aka yi masa. Abin da ya tsaya a kai a siyasa kuwa ba kasafai ake tono shi ba, alhali shi ne ya ɗaukaka shi, shi ne kuma ya tara masa maƙiya. Burinsa Kwango ta zama ƙasa ɗaya, ƙarƙashin gwamnati ɗaya mai ƙarfi, ba tarin ƙabilu da larduna kowa da nasa sarki ba.

An haife shi a 1925 a ƙauyen Onalua na lardin Kasai, cikin ƙabilar Tetela, wadda ba ta cikin manyan ƙabilun ƙasar. Wannan ma ya taimaka, domin wanda ba shi da babbar ƙabilar da zai jingina da ita dole ya nemi jama'a ko'ina. Ya yi akawu a gidan waya na Stanleyville, wato Kisangani ta yau, aka ɗaure shi a 1956 kan laifin taɓa kuɗin ofis. Da ya fito sai ya kama aikin tallar giya a wani kamfani a Leopoldville, inda ya goge da iya magana a bainar jama'a. A Oktoban 1958 ya shiga cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar MNC, a Disamba kuma ya halarci taron al'ummomin Afirka da Kwame Nkrumah ya kira a Accra. Ya dawo harshensa ya ƙara kaifi.

Beljiyam, mai mulkin mallakar Kwango, ba ta shirya tafiya ba. Tarzomar Leopoldville ta Janairun 1959 ce ta firgita ta, sai ta koma gaggawa. Lumumba yana kurkuku lokacin da aka buɗe taron sasantawa a Brussels a Janairun 1960, wakilan Kwango suka nace sai an sako shi, aka sako shi ya je. A zaɓen Mayu jam'iyyarsa ta fi kowa, amma kujeru 33 kawai ta samu cikin 137. Aka yi gwamnatin gamin gambiza: shi firaminista, Joseph Kasavubu na ƙabilar Bakongo shugaban ƙasa, mutumin da ya fi son a bar wa larduna ikonsu.

Ranar 30 ga Yuni 1960, ranar 'yancin kai, Sarki Baudouin na Beljiyam ya tsaya yana yabon Sarki Leopold na Biyu, wanda a zamaninsa aka riƙa yanke hannuwan mutane saboda roba. Lumumba, wanda ba ya cikin jerin masu jawabi, ya miƙe ya lissafa zagi da duka da aikin tilas da ƙwacen ƙasa da 'yan Kwango suka sha. Talakawa masu saurare ta rediyo sun ji daɗi. Brussels kuwa ta ƙullace shi.

To, me aka miƙa masa? Sarauta ce ba sanda. 'Yan ƙasar da suka gama jami'a ba su kai talatin ba. A rundunar soja babu hafsa baƙar fata ko ɗaya, kuma kwamandanta, Janar Janssens, ya rubuta wa sojoji a allo cewa bayan 'yanci daidai yake da kafin 'yanci. Ba a yi mako ba suka yi bore. Beljiyam ta sauko da dakarunta da sunan kare Turawa, ranar 11 ga Yuli kuma Moise Tshombe ya ɓalle da Katanga, lardin tagulla da yuraniyam, inda kamfanin Union Minière yake, inda kuma babban kason kuɗin shigar ƙasa ke fitowa.

Lumumba ya kira Majalisar Ɗinkin Duniya, ta aiko da sojoji, amma Sakatare Janar Dag Hammarskjöld ya ƙi yarda a yi amfani da su wajen murƙushe Katanga. Sai Lumumba ya juya ga Tarayyar Sobiyet, ta ba shi jiragen sama da motocin ɗaukar sojoji. A tsakiyar yaƙin cacar baka, Amurka ta ɗauki wannan a matsayin shaidar kwaminisanci. A ganina ba aƙida ta kai shi ba, rashin mafita ne, ko da yake yana da saurin hannu, ga yawan ba da wa'adi ga waɗanda suka fi shi ƙarfi. Akwai kuma tabon da masoyansa ba sa son ambata: sojojin da ya tura Kasai ta Kudu a Agusta sun kashe fararen hula 'yan Luba da yawa a Bakwanga.

Ranar 5 ga Satumba Kasavubu ya tuɓe shi ta rediyo, shi ma ya ce ya tuɓe Kasavubu. Ranar 14 ga wata Kanar Joseph Mobutu, wanda Lumumba da kansa ya ɗora a kan soja, ya ƙwace iko. Aka tsare Lumumba a gida, ya sulale zuwa Stanleyville a ƙarshen Nuwamba, aka kama shi a bakin kogin Sankuru. Ranar 17 ga Janairu 1961 aka kai shi Katanga hannun abokan gabarsa, aka harbe shi tare da abokan siyasarsa Maurice Mpolo da Joseph Okito, a gaban jami'an Beljiyam. Yana da shekara 35. Binciken majalisar dattawan Amurka na 1975 ya gano hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ta shirya ba shi guba, a 2002 kuma Beljiyam ta nemi afuwa.

A Janairun 1963 dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya suka kawo ƙarshen ɓallewar Katanga da ƙarfin bindiga, wato abin da aka hana Lumumba tun farko. Mobutu kuwa, da ya zauna daram a kan mulki, shi ne a 1966 ya ayyana Lumumba gwarzon ƙasa.