Barci da Hadda: Yadda Ƙwaƙwalwa ke Ajiye Karatu

A makarantun allo na ƙasar Jega da Aliero da Maiyama, almajiri yakan biya allonsa da dare, ya kwanta, sa'an nan da asuba ya sake tishi kafin a yardar masa ya wanke. Malamai sun gaji wannan tsari ne daga malamansu, amma binciken ƙwaƙwalwa ya zo ya bayyana dalilinsa.

A cikin ƙwaƙwalwa, daura da kowane kunne, akwai wani ɗan lanƙwasasshen sashe da masana ke kira hifokamfas. An gane aikinsa ne bayan 1953, sa'ad da aka yi wa wani Ba'amurke, Henry Molaison, tiyata saboda farfaɗiya, aka cire masa yawancin sashen a gefe biyu. Mutumin bai manta ƙuruciyarsa ba, hankalinsa kuwa garau, amma duk wanda ya gaisa da shi da hantsi, kafin azahar ya zama baƙo. Watau ta nan sabon abu ke bi kafin ya sami mazauni.

To, yaushe yake samun mazaunin? A 1994 Wilson da McNaughton suka auna ƙwayoyin wannan sashe a kan ɓeraye. Suka tarar ƙwayoyin da suka yi aiki tare lokacin da ɓera ke neman abinci, su ne ke sake motsawa tare bayan ya yi barci. Ashe ƙwaƙwalwa ma tana nata tishin, mai ita yana kwance bai sani ba. Tun 1885 kuwa Bajamushen nan Ebbinghaus ya gwada a kansa: abin da ya ci maimaici 68 a zama ɗaya, maimaici 38 ya ishe shi da aka rarraba shi cikin kwana uku.

Saboda haka ɗalibin jami'ar Aliero da ke kwana zaune da goro da shayi daren jarrabawa, lalle zai iya amayar da wani abu a takarda, amma wuya ne ya same shi a kansa bayan wata guda. Hasarar ba tasa kaɗai ba ce, domin shi ne ma'aikacin gobe. Ma'aikatan ilmi masu tsara jadawalin da ke cusa darasin zango guda cikin mako biyu, su ma maganar ta shafe su.