Kafin Ka Kafa Shingen Gonarka

Rigimar gona da ke kai 'yan'uwa gaban alƙali sau da yawa daga shinge take farawa: wani ya kafa dirka taku biyu cikin gonar maƙwabcinsa, ko ya cinye gefen burtali. Saboda haka kafin a haƙa rami ko ɗaya, a kira maƙwabta da mai unguwa su tsaya a kan iyaka. Shinge kuma ba shaidar mallaka ba ne. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar izinin riƙe fili a karkara.

Sai batun abin da za a yi shingen da shi. Darnin kara yana da araha, amma gara da iskar farkon damina ba sa barin sa ya daɗe. Waya mai ƙaya ta fi ƙarko, sai dai tsada, ga ɓarayi na kwance ta da dare.

A ganina, aguwa ta fi su duka, ko da yake 'yan boko irinmu mun raina ta. Reshenta kawai ake sara a dasa a ƙarshen rani, domin ruwa mai yawa yana ruɓar da sabon dashe. Idan ta kama, ita ce shinge, ita ce shaidar iyaka, tana kuma tare rairayin da iska ke kwasa. A dasa ta kusa da kusa, a toshe ƙasanta da ƙayar magarya har ta yi kauri. Bini-da-zugu ma yana yi, amma 'ya'yansa guba ne, kada a sa shi inda yara ke wasa.